Mai Fiffiken Tagulla, Lamba Ashirin da Takwas

Tawa, watan Afrilu 1994

Zuwa ga taubashina Illa, jikan Manzo, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da duk 'yan Adar da ke can tare da kai. Mu nan sai zafi, sai tsadar da ta faɗo mana tun da aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce Balkisa, jikar Fatimata ta Barmu, wadda take ciki ɗaya da kakanka. Rabona da kai tun muna yara, ranar wani biki da ka kwashe mini gyaɗa ka ruga bayan rumbu. Arzika mai motar albasa ne ya ce mini kana shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi kana sayarwa. Shi zai kawo maka wannan, don gidan waya sai a hankali da yajin aikin nan da ba ya ƙarewa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba zumunci ne ya sa na rubuto ba. Bukata ce. Maigidana Suleiman mutumin Takanamat ne, fataucin awaki yake yi a hanyar arewa. Bara wasu masu bindiga suka tare motarsu suka sauke shi, har yau ba mu san su waye ba. Cikin busasshiyar rijiya suka ajiye shi wata da watanni, abinci da igiya ake zura masa. Da suka sako shi ya dawo mana da ƙafarsa, amma ba mutumin da ya tafi ba ne ya dawo. Ba ya magana. Tuwo in ya kai loma biyu na gode Allah. Mun je likita an ce ba a ga ciwo ba. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, shiru.

Ni ƙosai nake toyawa a ƙofar gida, takardar ƙunshi kuwa a kasuwa nake sayen ta tuli guda. Cikin wani tuli na tsinci ɗan littafi na zane-zane, irin wanda 'yan lakwal, yaran makarantar boko, ke ce wa bede. Har na kama zan yage shi, sai na ji an riƙe mini hannu. Maigida ne. Ya karɓe ya sa ƙarƙashin tabarmarsa, ba mai taɓawa. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni da sunana, abin da ban ji ba tun dawowarsa, ya ba ni labarin da ke ciki. Wai mutum ne mai fiffiken tagulla a bayansa, yana gida da matarsa suna dariya. Sai ya tashi sama, wasu halittu masu ido ɗaya suka taru a kansa cikin wani jirgi, suka kai shi wata duniya mai rana biyu, suka ɗaure shi da sarƙa a cikin rami. Nan littafin ya ƙare.

Ya ce mini, "Ina sauran, Balkisa? Mi yas same shi?" Na ce ban sani ba. Tun ranar loma biyun ma ta koma ɗaya, kuma kullum tambayar ke nan.

Na zagaye kasuwar Tawa kaf. Na je wajen malaman lakwal, su ma suna zaune gida ba albashi ba karatu, ba wanda ya san littafin. Na leƙa bangonsa lokacin da maigida yake barci, lamba 27 ce a jiki. Don Allah, don zumuntar kakanninmu, ka nemo mini na 28. Ka yi dariya in ka ga dama, ni ma da wata ce ta ba ni labari da na yi. Amma ina ganin mijina yana ƙarewa a gabana, kuma wannan littafin ne kaɗai ƙofar da ya bari a buɗe.

Taubashiyarka, Balkisa

---

Abijan, watan Mayu 1994

Zuwa ga Balkisa, baiwar gidanmu.

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya lau, sai ruwan sama da ke kora mu daga bakin titi kullum, mu kwashi littattafai mu ruga kamar kaji. Gyaɗar nan kuwa rabona ce, kowa ya san jikar mace ba ta da ta cewa a gaban jikan namiji. Allah ya ba Suleiman lafiya. Labarinsa ya daɗe yana cin raina bayan na ninke takardarki.

Na san mutumin naku mai fiffike. Yaran unguwar nan har faɗa suke yi a kansa. Bari in gaya miki yadda masu yin littattafan nan suke aiki, don ki rage tsoro. 'Yan kasuwa ne irina. Kowane wata su fitar da ɗaya, kuma ba sa yarda labari ya mutu. Sai sun kai jarumin bakin halaka, wuƙa a wuya, sannan su ajiye alƙalami don ka sayi na gaba. A na gaban kuwa tun shafin farko ya kuɓuce. Magana kaɗan ce a ciki, aikin duk na zane ne, gida-gida kamar fangalin albasa. Abin da ya faru tsakanin wannan gida da wancan ba a zana shi, mai kallo ne ke cikawa da kansa.

Na 28 bai faɗo hannuna ba tukuna. Tun da sefa ta faɗi sababbi sun daina zuwa sosai, sai abin da masu aikin gidajen turawa suka tsinto mana. Amma na sami na 27 wajen wani abokin sana'a, na zauna na duba shi tas. Nan ne kaina ya ɗaure. Balkisa, wannan littafin ba ya ƙarewa a rami. A rami yake farawa. Mutumin ya tsinke sarƙa, ya ragargaza masu ido ɗaya, ya ƙwace jirginsu, ya komo gida matarsa ta tare shi da dariya. Cikin irinsu da wuya ki sami mai ƙarshe mai daɗi haka.

Ko kin karanta lambar daidai? In daidai ne, to ko dai ramin nan a cikin kansa yake, ba a littafin ba? Ki duba da kyau ki sanar da ni ta hannun Arzika.

Ubangidanki, Illa

---

Tawa, watan Yuni 1994

Illa,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ga ta nan dai. An yi Sallar layya, maƙwabta sun aiko da nama, bai ko kalli kwanon ba.

Da na karanta takardarka sai da na jefar da ita ƙasa. Mijina ba mahaukaci ba ne. Mutanen unguwa suna faɗa a bayana, ban zaci zan biya Arzika ya ɗauko mini irin maganar daga Abijan ba. Kuma na yi lakwal har aji shida, na san 27 in na gan ta.

Amma da zuciyata ta sauka na ɗauki takardar na sake karantawa, sai na ce bari in sa ido. Da hantsi ina tsince wake, ya jawo littafin. Illa, ta dama ya buɗe shi. Bayan littafin shi ne gabansa. Yatsansa yana bin gidajen zanen daga dama zuwa hagu, yana juya shafi yadda yake juya Alƙur'ani. Mutumin nan bai taɓa zama a benci ba, allo ya yi, lissafin awakinsa ma da ajami yake rubutawa. Ni kuwa ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba, fuskarsa nake kallo kullum. Ashe duk watannin nan labarin daga ƙarshe yake bin sa zuwa farko.

Wallahi har rawa na yi a tsakar gida. Na ce shi ke nan, magani yana ƙarƙashin tabarma muna ta nema a Abijan. Na durƙusa gabansa, na karɓi littafin, na juya shi, na ce, "Malam, ta nan aka buɗe irin wanga. Duba, ga shi cikin rami, ga shi ya hita, ga shi gida." Ina nunawa ina kuka don murna.

Ya bar ni har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Kin ɗauke ni ƙanƙanen yaro? Littahi ta dama aka buɗe shi. Mutum daga gida aka ɗaukar shi a kai shi rami, ni na sani, ke ba ki sani ba. Kin juya mini shi don in ci tuwo."

Ya karɓe abinsa ya juya mini baya. Tun ranar bai ƙara kiran sunana ba. Tuwo ya daina gaba ɗaya, sai fura, ita ma kurɓi kaɗan in na matsa. Da hannuna na rufe ƙofar da ya bari a buɗe, kuma ban san yadda zan yafe wa kaina ba.

Yanzu ba abin da zai yarda da shi daga bakina. Sai ya ga wani littafin daban, mai lamba ta gaba, ya buɗe shi da hannunsa. Ka ce a na gaba kullum jarumin yana kuɓucewa. To ka nemo shi, Illa. Ka yafe mini zafin da na fara da shi.

Balkisa

---

Tawa, watan Agusta 1994

Illa, salamu alaikum.

Arzika ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Na farko ya ce ruwa ya cinye hanya, bai kai unguwarku ba. Na biyu ya ce ya gan ka, ya ba ka takardata hannu da hannu, ka ce ba saƙo. Da na matsa masa ya ce ya ga ka tura wani littafi ƙarƙashin buhu da ka hango shi.

Don na yi maka tsawa ne? Taubashi ne kai, zagi tsakaninmu gado ne, ban san a Abijan an daina ba. Ko ka ga ba mu da abin saye? In haka ne ka faɗa, kaskon ƙosaina yana nan, zan sayar.

Damina ta yi kyau bana, kowa yana gona, gero ya fi mutum tsawo a hanyar Afala. Shi kuwa yanzu sai na tallafe shi yake zuwa bayan gida. Zoben azurfarsa ya zame daga yatsa ya faɗi cikin buta. 'Yan'uwansa sun zo daga Takanamat suna so su tafi da shi, wai gara ya cika a gaban uwarsa. Na roƙe su su bari sai an yi girbi. Sun yarda da ƙyar.

Ba ni da kowa a wannan magana sai kai. Ina jin tsoro, Illa. In ba ka samu ba ka ce ba ka samu ba. Shirun nan ne ke kashe ni.

Balkisa

---

Abijan, watan Satumba 1994

Balkisa 'yar'uwata,

Na karɓi gaisuwarki. Lafiyata ƙalau, kunya ce ke damuna. Ba fushi na yi ba, kuma ko littattafan shimfiɗata duka kika nema ba zan karɓi ko dala a hannunki ba. Arzika ya gani daidai. Na 28 yana wurina tun kafin takardarki ta Yuni ta iso. Na rasa yadda zan gaya miki ne.

Na yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Na ce kullum jarumin yana kuɓucewa, haka ne a da. Yanzu masu sayen sun girma, sun gaji da mutumin da ba a kayar da shi, sai masu zanen suka koma kashe su. An ce wanda aka kashe jarumi a ciki ya fi kowanne ciniki. Wasu sun ce bayan wani lokaci sukan taso da shi, amma ban ga na 29 ba, ban kuma san wanda ya gani ba.

Ga abin da ke ciki, don kada ki ce na ɓoye miki. Shafin farko yana zaune da matarsa cikin ɗaki, kwano a gabansa, yana cin abinci. Sai aka kira shi, ya ɗaura fiffike ya tashi. Wani ƙaton abu na ƙarfe ya sauko daga sama, suka yi ta faɗa shafi bayan shafi, gari yana rushewa. Aka karya masa fiffike ɗaya, aka karya ɗayan. Ya durƙusa, ya faɗi, jini ko'ina. Matar ta rungume shi, idonsa a rufe. Aka sa shi cikin akwati irin nasu. Shafi na ƙarshe babu magana ko ɗaya: mutane sun kewaye rami, maza huɗu riƙe da igiya, akwatin yana rataye a bakin ramin.

Na daɗe ina kallon igiyar nan ina tuna abin da kika ce game da rijiya. Yaya zan sa wannan a hannun mutumin da ke jiran a ce masa ana fita? Na nemi wani littafin na mai fiffiken in manna masa lambar ƙarya, ban samu ba. Na gwada zanawa da kaina, abin da ya fito ko akuya ba za ta yarda mutum ne ba.

Ki yafe mini. Ki ce masa ba a samu ba. Jira ya fi wannan.

Illa

---

Tawa, watan Satumba 1994

Illa,

Lafiya, gaisuwa, sauran duk ka ɗauka na faɗa. Arzika yana ƙofar gida injin motarsa na aiki.

Kai wane irin mutum ne! Wata uku kana zaune a kan maganin mijina kana sharar hawaye. Na rubuta maka da hannuna cewa ta dama yake buɗewa, ko takardar ma daga ƙasa ka karanta ta? Ɗauko littafin yanzu. Juya shi. Fara daga ramin, ka bi shi baya-baya har kwanon abinci, ka gaya mini abin da ka gani.

Kai ne ka koya mini cewa abin da ke tsakanin gida da gida mai kallo ne ke cikawa. Maza huɗu riƙe da igiya a bakin rami. Wa ya ce maka zurawa suke yi? Mu nan in ka ga mutane sun kama igiya a bakin rijiya, ja suke yi.

Na san abin da za ka ce, yaudara ce. Lokacin da na gaya masa gaskiya ya ce yaudara ce, ya daina ci. Wannan karon ba zan ce uffan ba. Zan ajiye masa, ya buɗe ta inda ya ga dama. In zunubi ne a wuyana yake, ba a naka ba.

Kada ka cire shafi ko ɗaya, kada ka goge jinin. Ka naɗe shi a leda saboda ruwa, ka ba Arzika a tafiyar nan. An fara yankan gero, mutanen Takanamat suna hanya.

Balkisa

---

Tawa, watan Nuwamba 1994

Zuwa ga taubashina Illa, ɓarawon gyaɗa.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ruwa ya bar ku kun shimfiɗa kaya. Mu nan an gama girbi, rumbuna sun cika, sanyi ya fara shigowa da safe. Na san kana can kana cizon yatsa, to zauna.

Saƙonka ya iso yana warin albasa, ranar da yayan maigida ya zo da amalanke zai ɗauke shi. Na ce ya sha ruwa tukuna. Na shiga na ajiye littafin a gefen tabarma, na koma bakin murhu na ba su baya. Na kama tuƙa tuwo. Addu'a ɗaya nake yi, kada abin da na nuna masa ranar nan ya sa ya buɗe ta hagu.

Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan na ji ƙarar leda. Na saci kallo. Ta dama.

Shafin igiyar nan ya tsaya a kansa har na zaci ba zai wuce ba. Sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Sun zo da igiya." Ya juya. "Sun buɗe mishi." Ya juya. "Ga matar, ta riƙe shi." Daga nan ya ci gaba da juyawa, shafi bayan shafi. Ni ina bin labarin a kaina yadda ka rubuto shi, ina komawa da shi baya: mutumin ya tashi a kan gwiwa, jini yana raguwa, fiffike ɗaya ya dawo, ɗayan ya dawo, gidajen da suka rushe suna miƙewa, ƙaton ƙarfen ya koma sama inda ya fito. Yayansa yana tsaye a ƙofa da kofin ruwa, ya rasa abin da ake yi.

Da ya kai shafin kwanon sai ya rufe littafin ya ɗora a cinya. Ya ce, "Balkisa." Na ce na'am. Ya ce, "Mi kika dahwawa?" Na ce tuwon sabon gero da miyar kuɓewa. Ya ce, "Kawo."

Bai ci da yawa ba, kada in yi maka ƙari. Cikinsa ya ƙanƙance, sai da muka bi a hankali da kunu. Har yanzu yakan firgita in ya ji ƙarar guga a rijiya, kuma kasuwa ba ta ganin sa tukuna. Amma amalanken ya koma Takanamat babu kowa a ciki, jiya kuma da kansa ya taka har masallaci.

Akwai abin da nake so ka sani. Shekaranjiya yana cin tuwo, littafin yana gefensa, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce, "Malam, game da littahin nan..." Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Na san ta inda masu shi ka buɗe shi, Balkisa. Ke kinka gwada mini. Su buɗe ta can. Ni ta nan nika buɗewa." Ya miƙo mini kwano ya ce in ƙara miya.

Arzika zai kawo maka ƙullin gyaɗa, wannan da izinina. Ka ce wataƙila masu zanen su taso da mutumin a na 29. In ya faɗo hannunka ka sayar wa yaran unguwarku, kada ka aiko mana. In su sun fara shi daga kabari sun kai shi gida, ka san inda zai kai shi a hannun maigidana. Mu a gidan nan labarin ya ƙare, mutumin yana zaune yana cin abinci.

Taubashiyarka, Balkisa